Gadajen Igiya a Ajin 'Yan Mata

Jikata ce ke riƙe da alƙalami, ni ban san baƙi ba sai abin sallah da aka zuba mini a ka tun ina ƙarama. Na ce mata in kuka ya zo mini ta dakata, kada ta rubuta kukan. Tun da maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, ba na kai ƙarshen magana a kansa ba tare da murya ta karye ba. Abin haushin, wannan labarin nasa na dariya ne. Jikokinsa sun san shi tsoho mai tari a bakin ƙofa, ba su san irin abin da ya iya haɗawa ba lokacin da ƙarfinsa yake jikinsa.

Ƙauyenmu yana cikin gonakin ruwa na Suki. Maigida yana da hawasha, wato gonar da hukuma ta yanka masa ake sako mata ruwa, yana noma auduga da gyaɗa da dawa. In aikin gona ya lafa sai ya koma sana'ar ubansa, saƙar gadon igiya, wanda muke kira angarib. Ƙafa huɗu ta iccen bagaruwa, igiyar kaba a saƙe tsaf. Yana alfahari da gadonsa fiye da yadda yake alfahari da 'ya'yansa, na sha gaya masa haka, bai taɓa musu ba.

Shekarar da autarmu ta ci jarrabawar gama firamare, wan maigida ya sauko daga Sinnar cikin farar jallabiya, ya zauna a tsakar gida ya ce a ba shi yarinyar. Akwai makarantar kuɗi kusa da gidansa, da fanka a kowane aji. Ni ina bayan zana ina tankaɗe, ina jin su. Yayarta ma haka aka tafi da ita, ta dawo mini da hannu duk kaushin wanke-wanke, ina yi mata Hausa tana amsa mini da Larabci kamar na je ofis. Auta ita kaɗai ta rage mini a gida.

A wannan shekarar kuma gwamnati ta buɗe sanawi ta 'yan mata a bayan ƙauyenmu, makarantar gaba da firamare ke nan. Ɗaki biyu ne na tubali, ba katanga, ba ƙyaure. Maigida ya ce wa wansa ya ba shi zuwa gobe. Da safe ya ɗauki sandarsa ya tafi duba ta kamar mai sayen gona. Ya dawo ya zauna yana kaɗa ƙafa.

"Na buga bango da ƙafa, bai motsa ba," in ji shi. "Na sha ruwan randarsu, babu gishiri. Ƙasar wurin ma ta kuɓewa ce."

Na ce, "Malam, ka duba haƙoran shugabar?"

"Ke dai ba ki da ta ido. Ta yi dariya na gani, lafiyarsu ƙalau."

Wan nasa ya ce, "Kai, ana maganar ilimi kana maganar kuɓewa. Can akwai fanka."

"Yaya, iska a nan kyauta take. Kuma tsohon faifan garma suka rataya a icce suna bugawa. Daga hawasha ina jin shi. In an buga na san ɗiyata ta shiga, in an sake bugawa na san ta fito. Fankarka ana jin ta daga nan?"

Haka aka zaɓi makarantar gwamnati. Wan nasa ya koma Sinnar da fushi, ya bar mana maganar cewa ƙofarsa a buɗe take ranar da muka gane kurenmu. Ni kuwa na yi masa guzurin ƙuli-ƙuli har ya fi ƙarfin jakarsa.

Ba a daɗe da fara karatu ba shugabar makaranta, da muke kira mudira, ta tara iyaye. Balarabiya ce siririya daga arewa, yarinya ƙarama, amma in ta kalle ka sai ka gyara zama. Ta nuna mana ajin. 'Yan mata suna zaune a kan buhunan taki da guntayen tubali, littafi a gwiwa. Ta ce mufattishi, mai duba makarantu, yana nan tafe. In ya tarar da yara a ƙasa zai ce makarantar ba ta cika ba, a rufe ta a kwashe su zuwa Suki. Mu kuwa mun san hanyar Suki. Da damina laka tana haɗiye jaki har ciki. Maigida ya faɗa a gaban kowa cewa in aka yi haka, auta sai dai Sinnar.

Mudira ta zana abin zaman da ake so a allo, teburi manne da benci, ƙafafu na ƙarfe. Iyaye maza suka yi ta kallo. Ba wanda ya taɓa zama a irinsa a cikinsu, karatun allo suka yi a ƙasa. Katako da ƙarfe kuma ba sa tsirowa a hawasha. Sai maigida ya yi gyaran murya.

"Ɗiyata, zama dai ake so, ko? A ɗaga su daga ƙasa?"

"Haka ne, Baba."

"To an gama. Ba wanda ya taɓa zama a aikina ya tashi yana ƙorafi."

Ba ta tambaye shi aikin nasa ba, kuma wannan shi ne kuskurenta.

Aka kira gayya. Maza suka shiga bakin kogi saran bagaruwa, mu mata muka zauna tufkar igiya har tafin hannunmu ya saɓule. Gidanmu ya koma kamar kasuwa. Wanda ba ya iya sassaƙa ya kawo tsohon gadon gidansa a gyara. Wata Asabar da sassafe aka ɗora su a amalanken jakai, aka jera su a aji layi-layi, kowane gado na yara huɗu. Mudira ta iso ta tsaya a bakin ƙofa tana bin gadajen da kallo.

"Baba," ta ce daga ƙarshe, "aji ne fa, ba asibiti ba."

"Asibiti gadon ƙarfe gare su, ɗiyata. Zauna ki ji."

Ta zauna. Ta ɗan lumshe ido, ta yi maza ta tashi. Ta ce to, a gwada, da zaman buhu dai gara wannan.

Kwanakin farko kowa na murna. Sai labari ya fara zuwa gida. Da hantsi yara sukan fita fatur, karin kumallon wake da burodi, su dawo ciki ya yi nauyi, iska na shigowa ta ƙofar da ba ƙyaure. Malamin lissafi yana juya baya ya rubuta a allo, in ya waiwayo rabin aji ya kwanta. Igiya kuma sabuwa ce, tana saki, duk wadda ta zauna a gefe sai ta gangaro tsakiya, su haɗu su huɗu kamar 'yan kyanwa a kwando. Na tambayi auta me suka karanta yau, ta ce, "Inna, mun fara dai. Gadon Baba ya yi daɗi da yawa." Uban yana ji, sai murmushi yake. Na ce masa ba yabo ba ne.

Majalisar iyaye ta zauna a kan maganar. Wani ya ce a rage wa kowane gado ƙafa ɗaya kaɗan, ya riƙa gurgusawa, mai barci ta firgita. Aka yanke. Gadon ya koma yana lilo kamar goyon uwa, barci ya ƙaru. Aka bi ana cusa tubali a ƙarƙashin ƙafafun da aka yanke. Sai aka lura akwai layi ɗaya da ba sa barci ko kaɗan, kullum idonsu biyu, hannu a sama, su ne na gaba a kowane darasi. Aka bincika, ashe tsohon gadon wanzami ne, cike yake da kuɗin cizo. Wanzami ya miƙe a majalisa ya ce tun da haka ne yana da sauran iri a gida, a raba wa kowane layi. Har wasu sun fara gyaɗa kai. Matarsa, wadda ita ce maƙwabciyata kuma ƙawata, ta ce in ya kuskura ya sake buɗe baki shi zai kwana a makarantar. Maigida kuwa ya yi kwana biyu ba ya gaisawa da wanzami, wai an haɗa gadonsa da gadon ƙwari a ɗaki ɗaya.

Ana cikin haka aka aiko cewa mufattishi zai zo ranar Talata. Mu mata muka yi tamu shawarar, wadda ba mu gaya wa maza ba. Muka ce mutum in ya ƙoshi da wuya ya rufe makaranta. Aka yanka rago. Muka kafa murhu a bayan ajin, nesa kaɗan, aka yi masa da miyar taushe da kisra, gurasar dawa ta Larabawa, ni kuma aka ba ni agashe, tsiren nan namu da Larabawa ke bin mu dominsa. Na daka yajin da hannuna, na zuba ƙuli-ƙuli ban ji tausayi ba. Maigida shi ma yana da tasa shawarar. Ya saƙa wani gado na musamman, mai faɗi, igiya ninki biyu, ya ajiye a bayan aji domin baƙo.

Mufattishi ya iso rana ta ɗaga. Babban mutum ne mai tumbi, da rawani kamar kwando, ya taso tun asuba, mota ta sauke shi a mararraba, amalanken jaki ya ƙaraso da shi yana girgiza. Ya ce aji zai fara shiga. Muka ce haram, baƙo ba ya aiki da yunwa a garinmu. Ya ci. Da ya janye hannu sai wani ya rantse masa ya ƙara, ya ƙara, wani ya sake rantsewa. Ni ina aika agashe faranti bayan faranti. Da ya tashi sai da ya dafa kafaɗar mutum biyu.

Abin da ya faru a cikin aji auta ce ta ba ni. Ya tsaya a ƙofa yana kallon gadaje, fuskarsa ta ɗaure. Ya tambayi mudira mene ne wannan, ta ce abin zamanmu ne, iyaye suka yi. Ya ce shekarunsa da yawa yana duba makarantu bai taɓa ganin irin wannan wasa ba, za su yi magana bayan darasi. Auta ta ce a lokacin ta san sun tafi Suki, ita kuma Sinnar. Ya zauna a bakin gadon nan na baya, kamar mai tsoron ƙazanta. Malamin lissafi ya fara. Can sai mufattishi ya gyara zama ya shiga ciki kaɗan. Can ya dogara da gwiwar hannu. Can ya cire takalmi ɗaya. Da malami ya waiwayo daga allo, yara duk idonsu biyu tarwai, ranar ko ɗaya ba ta yi gyangyaɗi ba, gwamnati ce kaɗai take minshari a baya.

Malami ya rage murya. Yara suka riƙa amsawa da raɗa. Mudira ta tsaya da hannu a baki. To kwanon rufin bai kai bayan ajin ba, zana aka shimfiɗa a wurin, kuma zanar ta yage. Da rana ta take tsaka sai ta sauko daidai fuskar mutumin. Gumi yana tsiyaya, ƙuda sun ji man agashe a gemunsa sun taru. Iyaye maza suna leƙe ta taga. Maigida ya kasa jurewa.

"Baƙo a rana, a kan gadona," ya ce wa wanzami a kunne, don ranar sun shirya. "Ba a taɓa yi ba."

"To tashe shi mana."

"Kai ka tashe shi. Wa ke tashin gwamnati?"

Sai suka shirya su ɗauke shi da gadon gaba ɗaya su kai shi inuwar iccen dogon yaro da ke tsakar fili. Maigida ya warware jelar rawanin mutumin ya lulluɓe masa fuska saboda ƙuda. Su huɗu suka cire takalma, kowa ya kama ƙafa ɗaya, suka fito da shi a hankali ta ƙofar da ba ƙyaure. A gaban ajin akwai ɗan kwatamin ruwa da aka haƙa domin shuke-shuke. Da suka zo tsallakewa sai suka ɗaga gadon suka ɗora a kafaɗa.

Wanda ba ɗan ƙasarmu ba sai an gaya masa wannan. Mu nan ba mu da wata makara daban. Angarib ɗin da mutum ya kwana a kai, a kansa ake ɗaukarsa zuwa kushewa. In ka ga maza huɗu da gado a kafaɗa, da mutum a miƙe an rufe masa fuska, ba ka tambaya.

Muna wanke tukwane matar wanzami ta ɗaga kai. Ta saki ludayi. "Ya mutu," in ji ta. Sai ta waiwayo ta dube ni. "Ke, wa ya daka yajin nan?" Mata duk suka zubo mini ido. Ni na zauna daɓas a ƙasa. Mutumin gwamnati ya ci abincina ya mutu a makarantarmu, ai ba rufewa kaɗai za a yi ba, har tubalin za su kwashe. Ina ganin auta a motar Sinnar da ƙullin kayanta. Na fasa kuka, mata suka ɗauka, wasu har da zuba ƙasa a ka irin na maƙwabtanmu Larabawa.

Maza masu zaman shayi da na wurin injin niƙa suka ji, suka taso a guje. Al'ada ce, kowa yana son ladan ɗaukar gawa, ba a neman izini, kafaɗa kawai kake sawa, na wurin ya matsa maka. Kafin ƙiftawar ido an ture maigida daga ƙafarsa, an ture wanzami, sababbin kafaɗu sun shiga suna salati. Gado ya wuce iccen dogon yaro ya miƙi hanyar masallaci. Maigida yana bin su a gefe ba takalmi, yana jan rigar wannan yana jan ta wancan, kuma saboda kada ya tashi baƙo, da raɗa yake magana.

"Yana da rai. A hankali, jama'a. Barci yake."

Ladan ya dafa shi ya ce, "Haƙuri, Malam, dukkanmu barcin za mu yi."

Daga baya mufattishi ya ce shi mafarki yake yana cikin jirgin fito a kan kogi, ana ta hayaniya a bakin gaɓa. Daidai injin niƙa ya farka. Ya yaye rawani daga fuskarsa ya tashi zaune. Na baya su suka fara gani, suka saki ƙafafu suka watse cikin gonar dawa, har da ladan. Na gaba ba su sani ba, suna ta tafiya da salatinsu. Gado ya karkata, mutumin ya sulalo ta baya ya dira a kan ƙafafunsa, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya dubi garin duka, maza cirko-cirko, mata da ƙasa a ka. Ya tambaya da Larabci, a hankali, ina za a kai shi.

Maigida ya matso yana haki ya ce, "Inuwa, ya ustaz. Mun ɗan wuce ta."

A nan jikata sai ta jira ni. Ranar da aka zo fita da gawar maigida, a kan angarib ɗin ɗakinmu, ina leƙe ta zana na ga maza suna rububin sa kafaɗa kamar waccan ranar, a wannan hanyar ta injin niƙa. Wallahi ina tsaye ina jira ya yaye mayafin ya tashi zaune ya tambaye su ina za a kai shi. Har suka sha kwana ina jira. Ban san ana iya kuka da dariya su shaƙe mutum lokaci ɗaya ba sai ranar. Har yau in na ji ƙarar jan igiya daga wani gida sai na waiwaya.

To, aka komo da gado da baƙo ƙarƙashin dogon yaro, wannan karon kowa da ƙafarsa. Aka kawo masa takalminsa, aka dafa gahawa. Ni na wanke fuska na matso kusa da mata ina kasa kunne, don har lokacin ba mu san matsayinmu ba, kuma mutumin da aka kusa kai wa masallaci ba a san abin da zai yanke ba. Ya sha kofi ɗaya. Ya sha na biyu. Sai ya kira mudira, ya rage murya, amma a filin nan ko tari aka yi kowa ya ji.

"Wannan abin da ya faru, ba sai ya fita garin nan ba."

"Ni ba zan faɗa ba, ya ustaz," in ji ta. "Amma ka san 'yan mata. In aka kai su Suki, da bakinsu za su tafi, kullum safe, a mota cike da mutane. In suna nan kuwa, wa za su gaya wa? Kowa a garin ya gani da idonsa."

Ya dube ta, ya dubi yaran da suka yi layi a bakin aji suna danne dariya da gyale. Ya shafa igiyar gadon da tafin hannu. Sai ya ɗaga murya yadda maza za su ji, ya ce ya duba makarantar, ya ga yara ba a ƙasa suke ba, abin zama kuma shi da kansa ya gwada. Makaranta tana nan inda take. Sharaɗi ɗaya, a gyara rufin baya. Maigida ya ce a ɗora masa gadon a amalanke kyauta, mutumin ya ce a'a da sauri har gahawa ta zube masa.

Labarin kam ya riga shi isa Sinnar, mai amalanken ya ba direba, direba ya ba duniya. Wan maigida ya aiko yana tambaya ko gaskiya ne. Amma mufattishi ya riga ya yi magana a gaban maza, bai janye ba.

Auta ta yi shekarunta uku na sanawi a bayan gidanmu. Kullum in aka buga faifan garma na tashi, ubanta yakan jingine fartanya ya taho, su haɗu a bakin kwatami su shigo gida tare suna gardama, ita tana cewa igiyar layinsu ta saki, shi yana cewa nauyi suka ƙara. Ni ina zuba musu tuwo a kwano ɗaya.